Wanda Aka Samu Ya Faɗa da Bakinsa

Lahadi, da hantsi

Ni ba mutumin rubutu ba ne. Ban taɓa zama a aji ba, baƙaƙen nan ma a jikin kwalaye da buhunan siminti na tsince su lokacin ina gadi, shi ya sa suke tafiya a karkace kamar tsohon keke. Kaina ne littafina. Tambaye ni duk wasan da aka yi a filin harbin fenti tun ranar da aka kafa raga, in gaya maka wanda ya ɗauko tuta da wanda ya zame a bayan taya. Amma tun jiya kan nawa yake yi mini gardama, shi ya sa na ɗauko biro.

Jiya an karɓi usur ɗina.

Sauran sai da yamma.

Lahadi, da yamma

Bari in bi tsari, kamar yadda nake bi in ina ba baƙi labari.

Filin nan da ma wurin ajiye katako ne, ni ke gadinsa. Da Mai-fili ya saye shi, ya zuba tsofaffin tayoyi da ganguna ya kewaye da raga, sai ya same ni a ciki kamar yadda ake samun bishiya, ya bar ni. Da farko shara nake yi. Daga baya aka ga idona ba ya kuskure, aka rataya mini usur, na zama Baba Alƙali.

Wasan ba wuya. Ƙungiya biyu, kowa da bindigar iska mai tofa ƙwayar fenti, kowa fuska a rufe. Wanda ya ɗauko tutar abokan karawa ya ci. Amma filin da faɗi, ido biyu ba sa ganin bayan kowace ganga. Saboda haka dokarmu ɗaya ce, tana rubuce a allo a bakin ƙofa: WANDA AKA SAMU YA FAƊA DA BAKINSA. In ƙwaya ta fashe a jikinka, ka ɗaga bindiga sama ka ce, "Na mutu." Ni kuma in amsa, "Fita da girmanka." Amsar nan tawa ce, ba wanda ya koya mini. Na ga yara suna fita kai a sunkuye kamar an kama su da sata, na ce a'a, wanda ya faɗi gaskiya a kan kansa bai kamata ya fita haka ba.

Jiya wasan kusa da na ƙarshe ne. Kunamu suka ci, ƙungiyar autana Bahago, kuma shi ya ɗauko tuta. Na busa usur, na shiga zagaye kamar kullum ina tsintar abin da aka zubar. A bayan gangar nan mai tsatsa ta kusurwa na tsinci wani abu a dunƙule, cikinsa a waje. Na juya shi. Na goge hannuna a wando, na je famfo na wanke. Abin kuma na cusa shi a aljihun ciki na kwat.

Sai ga Mai-fili yana kiran kowa cikin kwantenar da ake canza kaya, wai yana da albishir. Tare da shi akwai wani baƙo, tsohon soja, ana ce masa Saje. Aka ja ƙofa, duhu ya rufe mu da rana tsaka. Mai-fili ya ce ƙungiyoyin waje sun dame shi da ƙorafi, wai a filinsa ana goge fenti a ci gaba da wasa. Don haka ƙwayoyin da aka raba yau ba irin na kullum ba ne, daga wurin masu yi wa sojoji harsashin atisaye aka samo su. Launin sama yana gogewa, amma akwai wani abu a ƙarƙashi da ko sabulu ba ya fitarwa, sai ya yi makonni. Bai gaya wa kowa ba. Ni ma bai gaya mini ba.

Saje ya kunna wata tocila mai shuɗin haske.

Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Jikin mutane yana walƙiya kore kamar idon kyanwa. Waɗanda suka mutu suka faɗa, nasu tabo ne zagaye. Waɗanda suka goge, nasu dogon shafe ne, kamar an ja tsumma. Gwiwa, hannun riga, gefen takalmi. Yaran da na sani tun ba su da gemu. Har da wanda na goya zuwa mota ranar da ya karye. Da farko dariya aka yi, ana zolaya, "Kai Ɗan-kanti, gwiwarka ta zama fitilar babur."

Aka haska Bahago daga hula har takalmi. Fes. Aka tafa masa.

Sai wani ya ce da wasa, "A haska Baba Alƙali mana." Saje ya juyo da tocilar yana murmushi.

Tafin hannuna na dama. Da cinyar wandona. Dogon shafe.

Mai-fili ya ce, "Baba, wa ka goge wa?"

Na ce ban goge wa kowa ba.

Ya ce, "To ƙwaya ce ta fashe a hannunka wajen tsinta, ko?" Na san ƙofa yake buɗe mini in fita.

Na ce ba ta fashe a hannuna ba.

"To daga ina?"

Na dunƙule hannun. Sai Ɗan-kanti, da yake neman inda zai ajiye tasa kunyar, ya ce ƙasa-ƙasa, ai dama Baba yakan taimaka wa mutum in ya ga fentin kaɗan ne. Ƙarya ce tsagwaronta. Amma ba wanda ya ce masa ƙarya ce.

Mai-fili ya miƙo hannu. Na ciro igiyar usur daga wuyana, ta maƙale a kunnena, sai da na sa hannu biyu.

Bahago yana tsaye kusa da ƙofa, hannuwansa a aljihu.

Litinin, da safe

Na wanke da sabulun wanki. Na wanke da kananzir. Ido ba ya ganin komai, hannu ne dai irin na kowane tsoho. Amma na san yana nan. Da shi nake cin abinci, da shi nake gaisawa da mutane.

Litinin, da yamma

Abin da na tsinta safar hannu ce, ta hagu.

Laraba, da rana

Akwai labarin da nake ba duk wanda ya fara zuwa filin, kafin a ba shi bindiga. Har yaran sun haddace, wasu in na fara sai su riƙa motsa baki tare da ni. Ban damu ba, ko gobe aka ba ni baƙo zan ba shi.

Shekarar farko da aka sa kofi, wasan ƙarshe. An kashe Kunamu duka, saura Bahago. Ya yi ta jan ciki har ya isa bayan gangar nan ta kusurwa, lokacin tana sabuwa. Tsakaninsa da tuta miƙa hannu ne kawai. Sai muka ga bindiga ta tashi sama. "Na mutu." Ba wanda ya ga an same shi. Ni ban gani ba, wanda ya harbe shi ma bai san ya samu ba. Da ya ɗaga hannu muka duba, ɗan tabo ne a ƙarƙashin hammata, bai kai farcen yaro ba. Aka rasa kofi. Ranar da na ce masa ya fita da girmansa, muryata har titi.

Daga nan nake ce wa baƙo: ka ji irin filin da ka shigo.

Yau na zauna a ƙofar gida ina juya labarin nan. Na duba shi ta gaba, na duba shi ta baya. Ya faru, da idona na ga tabon. Abin da ban sani ba shi ne abin da ya faru tsakanin waccan ranar da Asabar ɗin nan. Wasannin duk suna kaina, ina bin su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ci ranar da aka yi ruwa. Wanda ya ci da ƙafa a kumbure. A kowanne ina ganin hannunsa a kan tuta, amma ban tuna ko akwai safa a hannun ba. Ban taɓa dubawa ba. Wa zai duba?

Alhamis, da safe

Bahago bai zo ba. Dama ranar Alhamis yake biyowa kafin ya buɗe shagon walda.

Asabar, da yamma

Tsohuwata, uwar Bahago, ta ce, "Malam, ina za ka? Ba an kore ka ba?" Na ce daga ciki aka kore ni, titi ba na Mai-fili ba ne. Ta ce taurin kaina zai kai ni inda ƙafata ba za ta dawo da ni ba. Na ce shekara nawa kina faɗin haka, ga ni nan.

Na tsaya a bayan raga, kusa da mai sayar da ruwa.

An cire allon. Inda yake saura ramukan ƙusa. A wurinsa an kafa wata rumfa ta baƙin yadi, saboda tocilar ba ta nuna komai a hasken rana, sai an shiga duhu. Usur ɗina yana wuyan Saje. Sabuwar doka: ba sai ka ce komai ba. Ka yi ta wasa har a busa, a kira ka rumfa, a haska ka. In kana walƙiya ka fita, in ba ka yi ka koma.

Na tsaya tun daga wasan farko har na ƙarshe, ban ji mutum ɗaya ya ce "Na mutu" ba. Na ga wani ƙwaya ta fashe masa a tsakiyar ƙirji, kowa ya gani, shi ma ya sunkuya ya gani, amma ya ci gaba da harbi har ya fitar da mutum biyu kafin a busa. Da aka yi masa magana ya ce shi ba alƙali ba ne, tocila ce alƙali.

Wasu yara suka wuce ni, ɗaya ya ce wa ɗaya, "Ga Baba Tsumma can." Na waiwaya ina neman wanda ake nufi.

Lahadi, da hantsi

Baba Tsumma.

Talata, da rana

Na dawo daga aski na tarar da kwat ɗina a kan igiya yana ɗiga. Tsohuwa tana zaune a bakin gado, abin yana kan cinyarta. Ta shimfiɗa shi, tana bin ɗinkin babban yatsa da farcenta. Jan zare ne, ita ta ɗinke shi bara da ya yage, har ya yi mata tsiya wai ta mayar masa da safa ta mata.

Ta ɗago ta dube ni. Sannan ta ce, "Shi ya sa."

Na ce wa ya ce ki taɓa kwat ɗina.

Ta ce, "Ka gaya masa ka sani?"

"Ya san na sani."

"To ka gaya wa Mai-fili. Ko in gaya masa da kaina. Mutum ya tsufa da sunansa, rana ɗaya yara su mayar da shi tsumma?"

Na ce in na kai wannan abin, za a soke cin da Kunamu suka yi, a hana shi filin. Ta ce ai shi ya jawo. Na ce ba wannan ba ne ma. A filin nan ba a faɗa wa mutum ya mutu, shi ke faɗa. In na faɗa masa, me ya bambanta ni da tocila?

Ta ce, "Tocila ba ta kwana tana juyi tana hana ni barci."

Ta naɗe safar ta sa a ƙarƙashin matashina. Ta ce, "Ɗana ne kamar yadda yake ɗanka, amma ba zan yi masa uzuri ba." Sai ta fita tsakar gida, na ji tana wanke tukunyar da ta riga ta wanke.

Alhamis, da yamma

Bahago ya zo. Da injin walda a bayan babur.

"Baba, ƙofar nan ta fara ja a ƙasa."

Na ce ta yi shekaru tana ja.

"Yau dai na samu lokaci."

Ya gaida uwarsa, ta amsa ba ta ɗago ba. Ya cire ƙofar, ya kwantar, ya yanke tsohon maƙalli, ya shiga aiki. Na ɗauko kujera na zauna kusa, ina kare ido da hannu. Aikinsa mai kyau ne, wannan ba wanda zai ƙwace masa. Ya rame. Gwiwarsa ta dama tana ƙara in ya tsuguna, ban san yaushe ta fara ba. Har furfura na gani a gefen kunnensa, ni da nake ganinsa yaro.

Can ya ɗage abin rufe fuska, bai dube ni ba, ya ce, "Baba, da ka ce ƙwaya ce ta fashe a hannunka, da tuni magana ta wuce."

Na ce, "Ta fashe a hannuna?"

Ya juya tsohon maƙallin a hannunsa. Sannan ya ce, "Kowa na yi, Baba. Ka gani da idonka a kwantena."

"Na gani."

"Yaran yanzu gudu gare su. In mutum ya tsaya faɗin gaskiya shi kaɗai, shi kaɗai zai riƙa fita."

Na ce, "Wa muke magana a kansa?"

Ya sauke abin rufe fuskar. Wuta ta ci gaba da tartsatsi.

Da ya gama ya mayar da ƙofar, ya buɗe ya rufe, ya buɗe ya rufe. Ba ta ja. Ya ce sai an jima, Baba. Na ce Allah ya yi albarka, don aikin ya yi kyau, kuma ba zan hana shi abin da yake nasa ba.

Juma'a, da safe

Ƙofar ba ta ƙara yanzu. Da in wani ya shigo tun daga ɗaki nake sani.

Asabar, da yamma

Abin da na gani yau, da wani ne ya ba ni labari da na ce ya ƙara gishiri.

Sun gano dabara. Suna naɗe hannu da gwiwa da siririyar leda, in aka same su sai su ɓare ta su cusa a ƙarƙashin taya. Wasu suna shafa man girki a riga. Wani ya zo da riga biyu iri ɗaya. Wani kuma da aka haska yana walƙiya ya rantse na makon jiya ne bai fita ba, kuma ba yadda za a yi a ƙaryata shi, don tocilar ba ta san jiya da yau ba. Ba ta san wanda aka harba da wanda ya jingina da gangar da aka harba ba. Aka tsayar da wasa ana musu a bakin rumfa har rana ta karkata.

Da can ma ana gogewa, yanzu na yarda, kwantena ta nuna mini. Amma mai gogewa yana ɓoyewa har daga abokinsa. Yau a fili suke koya wa juna, suna dariya. Na ji wani uba yana ce wa ɗansa, "Ja ledar ta rufe wuyan hannu, sakarai."

Da aka tashi Saje ya fito da kujeru biyu ya ajiye ɗaya a gabana. Ban so zama ba, amma ƙafata ta so.

Ya ce, "Baba, ka tsani tocilata."

Na ce ban san ta ba balle in tsane ta, ita ce ta san ni.

Ya yi dariya. Ya ce a wurinsu ba don wasa aka yi ta ba. Soja in aka same shi a atisaye ya musa, to bai koyi komai ba, ranar gaske zai sake leƙowa ta wannan kusurwar. Don a ceci ransa ake tona shi. Ya ce, "A fagen yaƙi ba mai cewa na mutu, Baba. Sai dai a zo a gaya wa uwarsa."

Na ce to ka ga bambancin. Mu nan mutuwarmu ta baki ce. In ka cire bakin me ya rage? Manya suna watsa wa juna fenti.

Ya juya usur ɗin a hannunsa. Ya ce, "Shafen da ke hannunka ba na wanda ya goge jikin mutum ba ne. Wannan yana kama yatsu. Naka a tsakiyar tafi yake, kamar ka riƙe wani abu ka juya."

Na ce yamma ta yi, zan tafi gida.

Ya ce shi ba zai ce komai ba, aikinsa haskawa ne.

Litinin, da hantsi

Mai-fili ya zo gida da kansa. Ba mugu ba ne, ban taɓa cewa mugu ne ba. Ya zauna a kan benci yana murza hularsa. Ya ce wasan ƙarshe Asabar ne, baƙi za su zo daga nesa, yana so a ce ni ke ciki ko da tsayuwa ce kawai. Abu ɗaya yake so, in faɗi inda fentin ya fito. Ko ma me na ce zai karɓa. Ya maimaita: ko ma me.

Na ce ba ni da ko ma me. Abu ɗaya nake da shi, shi kuma ba nawa ba ne.

Ya ce to Baba, in Asabar ta wuce a haka, ba zai iya dawo da ni ba, ko shara. Ƙungiyoyin waje sun ji labari.

Na tambaye shi ina allona. Ya sosa ƙeya. Wai an sa shi a ƙarƙashin janareta saboda laka.

Laraba, da rana

Matar Bahago ta kawo jikata. Yarinyar ta kama hannuna na dama tana wasa da yatsun, na janye ban sani ba. Ta yi kuka.

Uwarta ta ce ba ya cin abinci sosai, ko mun san abin da ke damunsa. Tsohuwa ta ce a tambayi ubansa. Na ce a tambaye shi.

Juma'a, da yamma

Ba zan je ba.

Asabar, da safe

Tsohuwa ta sa mayafinta mai kyau, ita da ba ta taɓa taka filin nan ba, wai ƙarar bindiga tana sa mata ciwon kai. Ta miƙo mini kwat ɗina a goge. Na taɓa aljihun ciki, na ji abin a ciki. Na ce me zan yi da ita? Ta ce ba ta sani ba, amma ta gaji da kwana da ita a gado.

Asabar, da yamma

Zan rubuta yadda ya faru, ba ƙari ba ragi, don wannan ma sai na riƙe shi.

Mutane sun cika bayan raga. Muka samu wuri ta wajen kusurwa. Kunamu da wata ƙungiya ta baƙi, samari ne tsaf, kowa hannu yana ƙyalli da leda. Na duba hannun Bahago. Ba leda. Ba safa ma, duka biyun.

Aka fara. Aka busa, aka shiga rumfa, aka fito, aka yi musu, aka koma. Haka dai. Ana ta fitar da mutane da tocila har Kunamu suka rage shi kaɗai, baƙi saura biyu, su ma sun yi nisa suna nemansa ta ɗaya gefen. Na gan shi yana jan ciki ta bayan tayoyi, gwiwar nan tana ba shi wuya. Ya isa bayan gangar mai tsatsa. Tuta tana gabansa. 'Yan Kunamu da ke waje suna ta ihu ya ɗauka.

Ya daɗe a wurin. Ina ganin bayansa yana hawa yana sauka.

Sai ya miƙe tsaye, ya ɗaga bindiga sama.

"Na mutu."

Ba wanda ya harba. Baƙin ma tsayawa suka yi suna kallon juna. Saje ya busa usur, ya ce ya zo rumfa. Bai motsa ba. Saje ya yage wani yanki na baƙin yadin ya zo har inda yake, ya lulluɓa musu, ya haska shi sama da ƙasa. Ya fito ya ce da ƙarfi, "Ba a same ka ba. Koma wasa."

Bahago ya cire abin rufe fuska da hannu ɗaya, ɗayan yana sama da bindiga. Ya ce, "An same ni. A nan, bayan gangar nan, ranar wasan kusa da na ƙarshe. A hannun hagu. Na cire safar na yar, na ɗauki tuta. Babana ne ya tsince ta."

Wani daga cikin Kunamu ya zage shi. Wani ya jefar da hularsa ƙasa. Mai-fili ya waiwayo yana nemana a cikin mutane.

Shi kuwa bai sauke bindigar ba, bai kuma fita ba. Saje ya ce to shi ke nan, ka fita mana. Yana nan tsaye, bindiga a sama. Saje bai san abin da yake jira ba. Baƙin ba su sani ba. Waɗanda suka sani kuma duk sun sunkuyar da kai.

Tsohuwa ta zungure ni da gwiwar hannu a haƙarƙari, har yanzu wurin yana ciwo. "Malam, kai ake jira."

Na buɗe baki, abin da ya fito tari ne. Na kama ragar da hannu biyu na sake gwadawa.

"Fita da girmanka."

Mai sayar da ruwa ya ce har titi an ji.

Lahadi, da hantsi

An ba baƙi kofi. An soke cin da Kunamu suka yi, Bahago kuma an hana shi filin har shekara ta zagayo. Abokansa ba su gaishe shi ba da za a tashi. Tocila tana nan, Mai-fili ya ce ya riga ya saya. Ya aiko mini da usur a cikin leda, na ce a gaya masa zan rataya ranar da allo ya koma bakin ƙofa. Ɗan aiken ya ce allon ya ruɓe. Na ce ba matsalata ba ce.

Labarin gangar nan yanzu ya zama biyu. Duk baƙon da aka ba ni, tare zai ji su.

Ɗazu Bahago ya shigo, ban ji shigowarsa ba saboda ƙofar. Da ma'auni a hannunsa, wai yana so in tuna masa faɗin tsohon allon da tsawonsa, zai yi na ƙarfe. Na gaya masa. Akwai tambayar da na kwana da ita makonnin nan, ta sau nawa ya taɓa yin haka. Ta zo har bakina, na dube shi yana rubuta awo a tafin hannunsa, na mayar da ita.

Na ciro safar na miƙa masa. Ya juya ta, ya taɓa jan zaren uwarsa.

Ya ce, "Har yanzu bai fita ba ko, Baba?"

Na ce ban sani ba, gidan nan ba mu da tocila.